Yadda Na Kai Ruɓaɓɓen Kara Yamai Cikin Kular Abinci

Tun ranar da na dawo Argungu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna kan bencin Sani mai shayi sai a zagaye ni: "Baba Mamman, yaya Yamai? Da gaske laka ka kai musu?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk bayarwa sai ya ƙara tsawo, har ranar nan na ji kaina ina cewa na ga kada tana ciniki a kasuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya kafin ƙarya ta cinye gaskiyar. Ku yi haƙuri da rubutun. Bokona ya tsaya daidai inda malaminmu ya gaji da ni ya ce in koma fadama.

Ɗiyata Luba tana karatu a wata jami'a can Yamai ta ƙasar Nijar. Karatun nata kan karan shinkafa ne, wanga da muke tarawa bayan bugu mu cinna mai wuta. Ranar da ta faɗa mini na ce, "To madalla, kin tafi wata ƙasa ki karanci abin da ke bayan ɗakin uwarki." Akwai wani kwari gefen gonata inda ruwan gulbi kan kwanta, nan nake zuba karan da na yi ƙyuyar ƙonawa. Luba ta lura kara a wurin yana saurin ruɓewa, ya yi baƙi, ya yi laushi. Ta ce akwai wasu ƙananan halittu ciki da ido ba ya gani, su ke cin shi, kuma su take son ta nuna wa malamanta.

An aika mata karan ta hannun direbobi, bai yi ba. Wani ya ajiye shi kusa da jarkar fetur, ya isa yana warin mai. Wani ya manta shi a tasha cikin rana har ya bushe ƙamas. Sai ta kira ni, muryarta ba yadda na san ta ba. Ta ce malamarta ta ce lokaci ya ƙure: in ba a samu masu rai ba wannan karon, sai ta tattara kayanta ta dawo gida, wahalar shekarun nan ta tashi a banza.

Na ce, "Ni zan kawo da hannuna."

Uwarta Kulu ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka taɓa wuce Kamba ba?"

Na ce ai ko Kambar ban ɓace sosai ba.

Luba ta yi mini gargaɗi kamar ni ne ɗan: in ɗebo daga ƙasan tarin inda ya yi baƙi da danshi, kada rana ta buge shi, kada in zuba mai wani ruwa, kuma kada in toshe shi ruf, don abubuwan suna son iska.

Na ɗebo cikin jiƙaƙƙen buhu, na hau mota zuwa Birnin Kebbi. Bayan na gama da takardar tsallaka iyaka, na shiga kasuwa shagon Oga Emeka mai kayan roba, wanda ya daɗe a garin har Kabancinsa ya fi na jikokina.

"Baba, mi kaka so?"

Na ce abin da zai riƙe sanyi. Ya miƙo mini bokitin fenti. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wata kula babba mai zanen furanni ruwan zinari. Na ce karatun ɗiyata ba zai shiga jami'a cikin bokitin fenti ba.

"Wagga ta amare ta, Baba. Tuwo za ka zuba ko miya?"

Na kwance bakin buhun. Ya leƙa, ya toshe hanci, ya yi dariya har ya dafa kantar shagon. "Tun da nike sai da kula ban taɓa ganin wadda ta yi rashin sa'a irin wagga ba."

A motar Kamba na rungume kulata bisa cinya, murfin a sake yadda anka ce. Kun san halinmu a mota: mai gyaɗa ya miƙa, mai dabino ya miƙa. Ni kuwa duk wanda ya ce bismillah ba na ba shi kunya. Muna wuce Kalgo na ci ƙwai, kafin Bunza na ci rake da soyayyen kifi. Wata Hajiya mai fataucin busasshen kifi da ke gefena ta daure har ta kasa.

"Malam, tun tasha kana cin na mutane. Kularka sai ranar suna za a buɗe ta?"

Na ce, "Hajiya, wanga abinci ya fi ƙarfinki."

Ta ce, "Rowa dai ta fi ƙarfinka."

Kafin in kare kaina rana ta yi zafi, warin ya fara zagaya mota. Direba ya ce wa ya ɗauko mushe. Kowa na duban kowa, ni ma ina duban kowa, a hankali na sa gwiwar hannu na danne murfin har ya ce ƙyas. Na san an hana ni. Amma ku da kuke dariya, ku zauna kusa da Hajiyar nan tukuna.

Wajen namu jami'an na Kamba ba a daɗe ba. Ɓangaren Nijar ne wani dogon jami'in kwastan, su can duwan suke ce musu, ya yi mini Faransanci, da ya ga na buɗe baki kawai sai ya juya Hausa: "Tsoho, buɗe."

Na murɗa murfin. Kular ta yi wani huci kamar kububuwa, murfin ya yi tsalle daga hannuna, jami'in ya ja da baya har hularsa ta karkace.

"Mi na na wanga?"

Na ce, "Karatun ɗiyata na, ranka ya daɗe."

Ya dube ni duban wanda za a kai asibiti. Na kira Luba na miƙa mai wayar. Jama'a, nan na fara jin abin mamaki. Yarinyar da na goya a kafaɗa, ga muryarta tana fitowa daga wayata da Faransanci kamar ruwan famfo, dogon nan yana ta gyaɗa kai. Ya maido mini wayar ya ce in wuce, amma in na sake buɗewa in yi nisa da tutarsu.

Luba ta ce, "Baba, ya ce ta yi huci?"

"Ta yi."

"Alhamdu lillahi, suna numfashi ke nan. Amma ka toshe ta ko?"

Na ce iska ce ta rufe ta.

A Gaya na sauka gidan Hamidu, tsohon abokina da kan zo Argungu sayen kifi. Sunka karɓe ni kamar na zo da ruwan sama. Maiɗakinsa Zali ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci har na kasa lanƙwasa. Kular kuwa na ajiye ta a zaure, lungu mai sanyi, na sassauta murfi, ban ce wa kowa komai ba don kunyar a san abin da dattijo ke yawo da shi.

Da munka yi sallar asuba Hamidu ya ja ni bakin kogi in ga gadar da ke shiga ƙasar Benin. Munka tsaya kallon manyan motoci, munka sha kofi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai taurin da ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Da munka dawo sai na hangi kulata bakin ƙofa tana ƙyalli. Na ɗaga ta, da ɗumi. Na buɗe. Dambu ne fal, da zogale da man gyaɗa, yana tururi.

Zali ta leƙo daga bayan labule tana murmushi. "Baƙo, abincinka ya lalace tun hanya, har ya yi baƙi. Na zubar, na wanke maka da sabulu. Ai ba za ka fita gidanga da kwano wayam ba."

Muryar Luba kawai nake ji cikin kaina. Na ce, "Ina kika zuba?" Ta nuna bayan gida.

Na zagaya da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina saurayi. Juji ne, kuma agwagin gidan sun riga ni. Sun tattake shi, sun watsa shi cikin toka da ruwan wanke-wanke. Can gefe wani ƙaton namijin agwagwa yana jan wani curi da bai fashe ba, kamar dunƙulen hannu biyu, don karan ya sarƙe da juna. Na yi kansa, ya yi kaina. Hamidu ya ce bai taɓa ganin dambe irin wannan ba, kuma wai agwagwar ce ta ci zagayen farko. Ni dai na fito da curin a hannu da tabo har gemu.

Da Zali ta ji ko mene ne, sai ta sa gyale ta rufe fuska tana kuka. Dole na bar nawa tashin hankalin na koma ba ta haƙuri. Mi zan ce mata? Da baƙo ya sauka gidana da kula mai wari, abin da Kulu za ta yi ke nan, har ta ƙara da turare. Munka naɗe curin cikin sabuwar leda, munka huda ta, na lulluɓe da jiƙaƙƙen rawanina. Dambun kuwa na tafi da shi. Daga Gaya zuwa Doso babu wanda bai ci ba a motar, har jandarman da ya tsai da mu. Wani ya ce bai taɓa ganin mai kyauta irina ba. Na so a ce Hajiyar Kamba tana nan.

Yamai gari ne da raƙumi da mota ke bin gada ɗaya, ba mai yi wa wani tsawa. Da rana ta take sai a rufe ofisoshi kowa ya tafi ya kwanta, abin da in ka yi a nan za a ce ba ka da zuciya. Kafin abinci sai a kawo maka ɗanyen ganye da mai a faranti, ka ci shi shi kaɗai kamar akuya, sannan a kawo na mutane. Na sauka wajen 'yan garinmu masu kai albasa, ɗaki ɗaya da buhuna, har yau rigunana ba su daina ƙamshinta ba.

Luba ta tarbe ni ƙofar makarantarsu cikin farar riga irin ta likitoci. Ta dubi kular, fuskarta ta washe. Na ce, "Ba nan yake ba," na miƙa mata rawanin. Na faɗa mata komai, har agwagwar. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sannu da hanya, Baba," ta juya. Na fi son da ta zage ni.

Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi cike da kwalabe. Malamarta tana ciki, wata Bazabarma mai furfura da kowa ke ce wa Madam, Hausarta da ɗan gargada amma ana ji sarai. Luba ta gasa wuƙa a wuta, ta tsaga curin, ta ɗebo daga can tsakiyarsa inda toka ba ta kai ba, ɗan mitsitsi, ta kaɗa a ruwa, ta shafa kan wasu faya-fayan gilashi. Madam ta ce, "Sai mu jira, Baba." Da yamma na raka Luba ɗakinta, na ga akwatinta buɗe, rabin kayanta a ninke ciki. Na yi kamar ban gani ba.

Cikin kwanakin jiran ne na ce su gaya mini, wai mene ne duk wannan wahalar. Madam ta ɗauko karan shinkafa ta ce in tsinka. Na ja, ya ƙi.

Ta ce, "Akwai wani abu cikinsa kamar ƙaro, shi ke ɗaure zaren kara har ya tsaya tsaye cikin iska. Liginin muke ce mai. Saniya ma ba ta iya narkar da shi. Amma waɗannan ƙananan, bakteriya, su da naman gwari, dangin fumfuna, suna farfasa shi gutsi-gutsi."

Luba ta karɓa. Ta ce wani gutsiren da ke fitowa daga karan shinkafa yana da 'yar wutsiya, kuma muddin wutsiyar tana jikinsa, guba ne ga bakteriyar. Sai ita bakteriyar ta ƙera wani ma'aikaci cikin cikinta, sunansa inzayim, aikinsa ɗaya tak: cire wannan wutsiya.

Na ce, "Da wuƙa?"

Ta ce, "Da riƙo. Baba, in ka kama kifi ta ƙasan kunne, yaya jelarsa take yi?"

Na ce ta saki.

"To haka. Inzayim yana da ɗan rami daidai jikin gutsiren, ba ya karɓar wani. In gutsiren ya shiga, sai inzayim ya damƙe shi ta kai, ya ja, ƙarfin ya gudo wajen kan, gindin wutsiyar ya yi sanyi, ta ɓalle da kanta. In babu shi, wutsiyar nan sai ta daɗe ba ta motsa ba. In yana nan, kafin ka ƙifta ido. Ya saki wannan, ya kama na gaba, shi kuwa ko ƙwarzane babu."

Na ce ina wutsiyar take zuwa. Madam ta hura iska a tafin hannunta. Ta ce ita ce wannan, iskar da ni da ita muke fitarwa in mun yi numfashi. Shinkafa ta shaƙe ta daga sama ta gina kara da ita, waɗannan kuma su kwance ta su maida ta sama. Ta ce in an gane masu aikin da kyau, karan da muke ƙonawa zai iya zama abin amfani, har da kayan ƙamshi.

Na sake duban karan da ke hannuna. Ni da nake ganin na san fadama kamar aljihuna.

Da faya-fayan sunka fito da ɗigo-ɗigo farare, Luba ta ɗora ɗaya ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in sa ido. Na rufe idon da ya kamata in buɗe, sai da ta gyara ni. Sannan na gani. Subhanallahi. Wasu 'yan sanduna ne birjik, suna ta kai da kawo kamar ranar kasuwa, cikin ɗigon da bai kai kan allura ba. Kowane da cikinsa, cikin kowane da ma'aikatansa, kowane ma'aikaci da ramin da anka auna mai. Madam ta ce wasunsu dangin waɗanda ke nunar da daddawa ne. Ashe duk tsawon raina ina taka su, ina cin aikinsu a miya, ban taɓa ce musu sannu ba. Na ɗago kai.

Na ce, "To ai ga su da rai, an gama."

Luba ta girgiza kai. Ta ce rai kaɗai bai isa ba, ko'ina akwai masu rai. Sai an ga suna cire wutsiyar.

Ta zuba gutsiren nan cikin kwalabe biyu, ta farko ta bar ta haka nan, ta biyu ta sa mata bakteriyar. Kowace ta haɗa ta da siririn tiyo zuwa wani ruwa garai, wanda ta ce in iskar numfashi ta ratsa shi yakan yi fari. Anka sa su cikin wani akwati mai ɗumi yana jijjiga su kamar mai rarrashin jariri. Wannan jiran ya fi na farko tsawo a zuciyata. Na yi addu'o'in da na sani, na ƙara da waɗanda na ji rabi-rabi.

Ranar da za a duba, Luba ta kasa buɗe akwatin, Madam ce ta buɗe. Ruwan kwalbar farko yana nan garai. Na biyun ya yi fari-fari kamar an ɗiga mai nono. Madam ta cire murfin ta farko, ta nuna mini yadda ake yi, ba a dunƙula hanci ciki, da hannu ake koro iskar. Na koro. Ba komai. Ta buɗe ta biyu.

Na koro, na tsaya. Na sake korowa.

Na ce, "Wa ya zuba kanumfari a nan?"

Kanumfari ne sak, da ɗan hayaƙi-hayaƙi a bayansa, kamar kunun da anka dama kan itace. Madam ta ce ba wanda ya zuba. Gutsiren nan ne, da wutsiyar ta fita, abin da ya rage ke wannan ƙamshi. Na ce tana nufin yana cikin karan tun can? Ta ce tun yana tsaye a gonata, wutsiyar ce kawai ta rufe shi. Ta ce da sauran awo da injin zai yi, amma ita hancinta ya riga ya gaya mata, Luba ta shirya aiki, don yanzu anka fara.

Na juya in yi wa Luba barka, ban gan ta ba. Ashe ta sulale ta zauna ƙasa, bayanta jingine da kabad, farar rigar nan a tattare, tana dariya hawaye na zuba. Na tsuguna kusa da ita. Ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, sai na ce, "Allah shi yi miki albarka." Ta ce, "Amin, Baba," ta riƙe hannuna, shi wannan mai kaushin da ya sha tabo.

Washegari ta raka ni tasha. Tun daga Gaya nake lissafin yadda za mu zauna mu biyu a motar dawowa, da abin da zan ce wa uwarta a ƙofar gida. Sai ga shi ta tsaya a ƙasa, ni ina sama, tana ce wa direba ya kula da tsohonta, ba ya jin magana. Mota ta tashi, ta ɗaga hannu, ta juya da sauri don tana da kwalabe masu jiranta.

Masu tambayata ina Luba, tana can. Ni kaɗai na dawo.